Darasi: Kick out da throw out, yadda Turanci ke faɗin korar kare

Babu magidanci a Jabo ko Dogon Daji ko Kebbe da bai san masu rigakafin shan-inna ba. Suna bin gida gida da akwatin ƙanƙara, su ɗiga wa yaro magani a baki, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su yi rubutu da alli a jikin bango, su wuce. Wannan aiki yana da wani tsohon take na Turanci. A 1996 shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, Nelson Mandela, ya ƙaddamar da gangami mai suna *Kick Polio Out of Africa*. Sai da aka shekara 24 kafin buƙata ta biya. A 2016 ne ainihin ƙwayar cutar, wadda likitoci ke kira ta daji, ta kama yaro na ƙarshe a Nijeriya, a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita. Ɗigon da ake ci gaba da yi yau na tare wani nau'i ne da ya yi saura.

Ku dubi kalma ta farko da ta uku a wannan take: *kick* da *out*. Turanci yana da kalmomin likitanci masu nauyi na kawar da cuta, amma masu gangamin suka ɗauko ta bakin titi, mai zafi, domin cuta ba ta da mutuncin da za a kiyaye mata. Ɗan Adam kuwa yana da shi, kuma a kan mutane aka fi faɗin kalmar. Shi ya sa ba ma'anarta kawai za mu koya ba. Za mu koyi gina jimla da ita, mu rabe ta da 'yan uwanta masu kama da ita, mu kuma san wurin da faɗinta zai zama cin fuska.

Aikatau da ɗan rakiyarsa

*Kick* ita kaɗai shuri ce, ko harbi da ƙafa. *The donkey kicked the boy*, jaki ya harbi yaro. *Out* kuma waje. Wanda ya fassara su ɗaya bayan ɗaya zai ce shuri waje, kuma zai ɓata hanya, domin da zarar sun haɗu ƙafa ta fita daga maganar.

*The school kicked him out.* Makarantar ta kore shi.

Irin wannan sauyi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, sai dai mu a ƙarshen kalma muke yinsa. Jefa daban, jefo daban, jefar daban. Mai saya ba mai sayarwa ba ne. Fita, fito, fitar, wadda a nan ƙasar Sakkwato muke cewa hidda: tushe ɗaya ne, wutsiyar kalma ce ke nuna ina abin ya dosa. Bature shi kuma yakan bar aikatau yadda yake, ya maƙala masa wata 'yar ƙaramar kalma a baya, kamar *out* ko *off* ko *up* ko *in*. Malaman Turanci suna kiran wannan haɗi *phrasal verb*. Mu a littafin nan za mu ce masa aikatau mai ɗan rakiya, kuma ƙa'idar haddarsa ita ce a riƙe su biyun tare, kalma ɗaya.

Canjin ɗan rakiya kaɗai ya isa ya juya labari. *Kick off* farawa ce. Masu kallon ƙwallo sun san ta: *The match kicks off at four*, za a take wasa da ƙarfe huɗu. Haka jarida za ta rubuta idan jam'iyya ta ƙaddamar da yaƙin neman zaɓe a Tambuwal. Wanda ya rikita *off* da *out* sai ya kai wa majalisa labarin kora alhali buɗe taro aka yi. A filin ƙwallon ma, ƙungiyar da aka doke aka fitar daga gasa *knock out* aka yi mata, ɗan wasan da alƙali ya ɗaga wa jan kati kuma *send off*.

Abu uku da ke ƙunshe a cikinta

Hausa tana da matakala a wannan fanni. Akwai sallama, wadda har da rakiya ake yi. Akwai fitarwa, akwai kora, akwai tasa ƙeya, akwai fatattaka. Can ƙasan matakalar akwai korar kare. *Kick out* tana tsakanin kora da korar kare, kuma ta fi karkata ga ta ƙarshen.

Duk inda kuka ji ta, abu uku sun taru. Mutumin yana ciki tun farko, a gida ko makaranta ko ƙungiya ko ƙasa ko kan kujera. Wani mai iko da wurin, ko mai ƙarfi, ya fitar da shi ba da son ransa ba. Na uku, wanda ƙamus ba ya yawan tsayawa a kansa, shi ne ba a tausasa ba, ba a rufa masa asiri ba.

Idan ɗaya ya ɓace, wata kalma ake nema. Wanda ya tashi daga gidan haya don kansa, *he moved out*. Wanda ya fice daga taro cikin fushi, *he walked out*, kuma da ita za ku bayyana wa Bature yaji: *She walked out*. Yaron da ya bar makaranta saboda rashin kuɗi ko aikin gona, *he dropped out*. Wannan ta ƙarshe ku riƙe ta da kyau, domin tana shiga takardun neman aiki da na neman tallafi. Uban da ya rubuta cewa an yi wa ɗansa *kick out*, alhali talauci ne ya zaunar da yaron, ya shafa masa laifin da bai yi ba, domin mai karatu zai ɗauka sata ko faɗa ko satar jarrabawa ce ta jawo. Kora da hali kuwa, wadda ake ƙuntata wa mutum har ya tattara nasa ya tafi ba tare da an furta masa ba, an fi faɗinta da *force out* ko *drive out*.

Sharaɗin farko, wato kasancewa a ciki, yana da misali daga ɗan wannan yanki. Aminu Waziri Tambuwal ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003, ya zama Kakakinta a 2011. A watan Oktoban 2014 ya bar PDP ya koma APC. Ranar 20 ga Nuwamba na shekarar 'yan sanda suka rufe ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja, aka harba barkonon tsohuwa, wasu 'yan majalisa suka haura ta saman ƙofa. Abin da aka yi ƙoƙarin yi masa ran nan *lock out* ne ko *shut out*, hana na waje shiga. Ba *kick out* ba ne, kuma bai rasa kujerar Kakaki ba, ya riƙe ta har 2015, shekarar da ya zama gwamnan Sakkwato.

Yadda ake gina jimla

Alamar lokaci a jikin *kick* take sauka, ɗan rakiya ba ya canzawa. *Kicks out* ga mutum ɗaya a yanzu, *kicked out* ga abin da ya wuce, *will kick out* ga mai zuwa, *kicking out* ga wanda ake cikin yi.

Sunan wanda aka kora yana da wurin zama biyu, tsakiya ko ƙarshe, duka daidai ne:

*The union kicked the driver out.*
*The union kicked out the driver.*
Ƙungiyar ta kori direban.

Amma idan wakilin suna ne, wato *me*, *you*, *him*, *her*, *us*, *them*, wurinsa ɗaya tak, tsakiya. *They kicked him out.* Nan ne ɗalibanmu suka fi tuntuɓe, kuma dalilin a fili yake. A Hausa muna cewa sun fitar da shi, wakilin suna a ƙarshe, sai harshe ya ja mutum ya ce *kicked out him*. Bature ba ya faɗin haka ko da wasa. A maimaita da baki har ya zauna: *kick me out*, *kick her out*, *kick us out*, *kick them out*.

Idan za a ambaci wurin da aka kori mutum, sai a ƙara *of*. *He was kicked out of the party*, an kore shi daga jam'iyya. Da yake Hausa tana cewa daga, da yawa sukan sa *from*, kuma za a fahimce su, sai dai *out of* shi ne daidaitaccen gini, shi mai gyaran jarrabawa ke nema. Dalilin korar yana zuwa bayan *for*, kuma idan aiki ne sai ya ɗauki *ing* a ƙarshe: *for fighting*, saboda faɗa, *for not paying rent*, saboda rashin biyan haya.

Ku lura da *was* a jimlar jam'iyya da ke sama. Wannan shi ne “an” ɗinmu. Bahaushe yakan ce an kore shi idan bai san wanda ya yi ba, ko ya sani amma ba ya son kama suna. Turanci yana yin haka da *was kicked out* ga mutum ɗaya, *were kicked out* ga jama'a. Barin *was* babban haɗari ne, domin yana mai da wanda aka kora ya zama mai kora. *He kicked out* sai mai sauraro ya tsaya jiran jin wanda ya kora. A hira za ku ji matasa suna cewa *he got kicked out*, ma'ana ɗaya ce.

Ga jimla mai ɗauke da komai:

*She was kicked out of the hostel for cooking in the room.*
An kore ta daga ɗakin kwanan ɗalibai saboda girki a cikin ɗaki.

Wajen furuci, *kicked* gaɓa ɗaya ce, ba “kikid” ba. Ƙarshenta sautin t ne, kuma yana zarcewa cikin *out*, sai kunne ya ji kamar “kik-taut”. Wanda bai saba ba zai ji ta a rediyo ta wuce shi.

Throw out, mai fuska uku

*Throw* jifa ne. Ba ya ɗaukar *ed*: *throw* yanzu, *threw* jiya, *thrown* bayan *was* ko *has*. Sautin *th* na farkonsa babu shi a Hausa, amma wanda ya yi tajwidi yana da shi a baki. Shi ne baƙi na huɗu a jerin baƙaƙen Larabci, mai ɗigo uku a sama, wanda ake sa kan harshe tsakanin haƙora.

A kan mutum, *throw out* da *kick out* kusan abu ɗaya ne, duk ƙa'idojin da muka koya sun hau kansa. Sai dai *throw out* ya fi kawo hoton an kama mutum da hannu an yi waje da shi, ko an watso masa kaya. Fuska ta biyu ita ce zubar da abin da ba a so: *Throw out the rotten onions*, zubar da ruɓaɓɓiyar albasar. *Kick out* ba ta wannan aiki.

Fuska ta uku ita ce ta kotu, kuma ita ta fi yawa a jarida. A zaɓen gwamna na 2019 Aminu Tambuwal ya yi nasara a kan Ahmed Aliyu da ratar ƙuri'a 342 kacal. Shari'a ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a watan Janairun 2020 ta kori ƙarar Ahmed Aliyu. A 2023 Ahmed Aliyu ya ci zaɓe, ɗan takarar PDP Sa'idu Umar ya kai ƙara, ita ma Kotun Ƙoli ta kore ta a Janairun 2024. A duka biyun jimlar Turanci ɗaya ce:

*The Supreme Court threw out the appeal.*

Hausa da Turanci sun yi gamon baki a nan, domin mu ma cewa muke kotu ta kori ƙara, ko ta yi watsi da ita. Abin kula shi ne wa aka kora. Kanun jarida gajere ne, sunan mutum yakan zo dab da aikatau, mai gaggawa sai ya karanta rabi ya ruga da labarin an tsige wane. Ku karanta har ƙarshen layi. Idan kuka tarar da *case* ko *suit* ko *appeal* ko *petition*, takarda aka kora, mai kujera yana nan daram. Akwai lokacin da mutanen ne da kansu kotu ta sauke, kamar a Janairun 2012 da Kotun Ƙoli ta ce wa'adin gwamnoni biyar ya riga ya ƙare, cikinsu har da Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya sake cin zaɓe a watan da ya biyo. Ku kuma sani kanun jarida yakan faɗi abin da ya wuce da siffar yanzu, ya ce *throws out* alhali jiya aka yi.

Bakin wa ta fito?

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai Yarbawa da Hausawa fataken goro, wasunsu a zangon Kumasi aka haife su, ba su san wani gida ba. A Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, maƙwabcinmu na garin Shagari, ta ba da irin wannan umarni a Nijeriya. Kimanin 'yan Gana miliyan ɗaya suka kama hanya, tare da mutanen Nijar da Cadi da Togo da Benin. Daga nan ne jakar leda mai zanen dara ta samo sunan da ake kiranta da shi har yau a kasuwanninmu, *Ghana Must Go*.

Gwamnatocin biyu duka suna da kalmar ofis ta faɗin abin da suka yi, kuma suna da doka a hannu. Amma jikan Bahaushen da ya bar rumfarsa a Kumasi a 1969, idan zai ba da labarin da Turanci, cewa zai yi *They kicked us out of Ghana*. Ɗan Gana da ya kwana a bakin iyakar Seme a 1983 shi ma cewa zai yi *Nigeria kicked us out*. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma kalmar ta ɗauko musu abin da takardar gwamnati ta bari: rana, ƙishirwa, kayan da aka sayar a wulaƙance.

Wani lokaci kuma mai korar ne yake faɗinta da alfahari. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, sabbin mahukunta suka nemi sojojin Faransa su fice, na ƙarshensu suka tashi a watan Disamba. Mai goyon bayan Yamai zai ce *Niger kicked out the French troops*. Mai magana da yawun Faris zai ce *France withdrew its troops*, Faransa ta janye sojojinta. Abu ɗaya ya faru, aikatau ne ya nuna inda kowa ya tsaya. Saboda haka duk lokacin da kuka ci karo da ita a waya ko jarida, ku tambayi kanku daga bakin wa ta fito, da kuka ya faɗe ta ko da kirari.

Inda ba a faɗinta

Ranar 20 ga Afrilu 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, aka kai shi Zing a jihar Taraba, aka naɗa Muhammadu Maccido. A Afrilun 2024 gwamnatin jihar Sakkwato ta sauke hakimai 15, har da na Dogon Daji da na Kebbe. Ko mene ne ra'ayin mutum kan waɗannan al'amura, Basakkwace mai tarbiyya ba zai ce an yi wa sarki korar kare ba. Cewa zai yi an sauke shi, ko an tuɓe rawaninsa. Ladabin nan bai kamata ya zube ba don an koma Turanci. Kalmar sarauta ita ce *depose*: *The Sultan was deposed in 1996*. Kai sarki wani gari a tsare shi kuma *banish*.

Kowane ofis yana da tasa. Makaranta da jam'iyya *expel* suke yi, wurin aiki *dismiss*, hukumar shige da fice *deport*, kotun haya *evict*. Masu ƙuri'a kuma idan suka kayar da mai mulki, *they voted him out*. Waɗannan su ake sawa a wasiƙar hukuma, da takardar koke, da amsar jarrabawa. *Kick out* ta hira ce, da kanun jarida, da dandalin siyasa. Kada ku faɗe ta a kan dattijo ko malami ko suruki a gaban mutanensa, kada kuma ku yi wa wanda ke ƙarƙashinku barazana da ita don kun koyi sabon Turanci.

Akwai dai wurin da nake ganin ita ce ta dace, a faɗe ta ba kwana-kwana. Ana sakin mace da dare, a ce ta tattara ta bar gidan kafin gari ya waye, wani lokaci da goyo. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a cikin idda, malamanmu kuma sun sha faɗa a kan mumbari. Idan irin wannan baiwar Allah ta je gaban lauya ko jami'ar walwala aka rubuta *she left the house*, an cuce ta karo na biyu, domin an mai da kora ta zama yaji. Abin da ya faru shi ne *He threw her out at night*, kuma haka ya kamata a rubuta. Ku da kuke koyon karatu yanzu, wata rana ku za a kira ku yi tafinta ko ku rubuta wa wata takarda. Kada ku rage wa maganar nauyi.

Haka ɗan haya. A dokar Nijeriya mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya da ƙarfin tuwo. Notis zai ba shi, in bai tashi ba ya kai shi kotu. Ko gwamnati ba ta tsira ba: a 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin soja ta jihar Legas saboda ta fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi da ƙarfin 'yan sanda alhali magana tana gaban kotu.

Hira don karantawa a aji

Wani dattijo ɗan ajin yaƙi da jahilci ya sami saƙon waya daga ɗansa da ke ci-rani a Ikko. Ya kira ɗan ƙanwarsa, ɗalibin sakandare. Ɗalibai biyu su karanta.

Kawu: Kai, taho ka duba mani saƙon ga na ƙanenka. Na gane *kick* ciki, gabana ya faɗi. Shurinai anka yi?

Yaro: Ku kawo in gani, Kawu. Ya ce, *Our landlord threw our things out and kicked us out last night*. A'a, ba wanda ya taɓa shi. Mai gidan da suke haya ne ya watso musu kaya waje ya kore su jiya da dare.

Kawu: Subhanallahi. To ina ƙafa ta shigo?

Yaro: Babu ƙafa, Kawu. Ku dubi *out* ɗin da ke bayan *us*. In suka haɗu kora ce.

Kawu: Ko dai su sunka tashi don kansu, shina jin kunyar faɗi?

Yaro: Da haka ne da *we moved out* zai rubuta.

Kawu: To tambaye shi, an ba su notis? Kotu ta shiga maganar?

Yaro: Zan rubuta masa, *Did he give you notice? Was there a court order?*

Kawu: Madalla. Ka ƙara mashi da cewa ya tafi wurin Sarkin Hausawan unguwarsu tun da safe, kar ya tsaya faɗa da kowa.

Aiki

A. Kowace jimla tana da kuskure ɗaya. A gyara.

1. *The chairman kicked out them.*
2. *He was kick out of the union.*
3. *They throwed the thief out of the market.*
4. *She was kicked out for fight.*
5. *My brother kicked out of school last year.*

B. A cike gurbi da wanda ya dace daga cikin waɗannan: *kicked off*, *dropped out*, *threw out*, *locked out*, *deposed*.

1. *The court ______ the case.*
2. *The boy ______ of school to help on the farm.*
3. *The match ______ at four.*
4. *The emir was ______ by the governor.*
5. *The workers came late and were ______.*

C. A mayar da Turanci: An kore mu daga tasha. Kada ka kore ta. Za su kore shi daga ƙungiya saboda rashin biyan kuɗin wata. Zubar da wannan ruwan.

D. A mayar da Hausa, a zaɓi kalmar kora da ta yi daidai da zafin kowace jimla: *The guard asked him to leave. The guard threw him out. The college expelled him.*

E. A saurari labaran Turanci na Rima Radio ko a duba kanun wata jarida a cikin makon nan, a kawo jimla biyu masu ɗauke da *out*. A kan kowace a faɗa wa aji wane ne ya fitar, wa ko me aka fitar, kuma daga ina.

F. Wata maƙwabciyarku ta roƙe ku ku rubuta mata koke zuwa ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, kan cewa an fitar da ita daga ɗakinta kafin iddarta ta cika. A rubuta jimla biyar da Turanci, a faɗi ranar, da lokacin, da abin da aka yi da kayanta, da abin da take nema. Kada a sa sunan kowa na gaske.